Maɗaci, darbejiya da jinin ɗan Adam: Yadda Sashen Kemistiri na Jami'ar Ibadan ya yi tashe

Idan aka ambaci Jami'ar Ibadan a gaban irinmu da muka karanta Turanci, marubuta ne ke fara faɗo mana a rai: Chinua Achebe, Wole Soyinka, J. P. Clark da Christopher Okigbo. Akan ba da labarin yadda Achebe ya shiga kwalejin a 1948 da tallafin karatun likita, ya yi shekara guda a azuzuwan kimiyya, sannan ya sauya sheƙa zuwa adabi da tarihi, ya rasa tallafin. Mukan ba da labarin ne kamar na wanda ya tsallake rijiya da baya. Ba mu cika tambayar abin da ya biyo baya a ɗakunan gwaje-gwajen da ya baro ba.

Cikin shekara ashirin da tafiyarsa, Sashen Kemistiri na wannan kwaleji, wato sashen nazarin sinadarai, ya zama wurin da masana a Turai da Amurka suke bibiyar abin da yake wallafawa. Daga cikinsa aka samu shugabannin jami'o'i da ministan tarayya, kuma wasu hukumomin da masu karanta wannan shafi ke yi wa aiki a Abuja suna ɗauke da sawun mutanensa. Hanyar da ya bi ya kai nan, da abin da ya rage masa ƙarfi daga baya, sun shafi fayilolin da ke ratsa teburan Ma'aikatar Ilimi, Ofishin Kasafin Kuɗi da Asusun TETFund a kowace shekara.

Daga tsohon asibitin soja

Kafin 1948, ɗan Najeriyar da ke son kimiyya bai da inda zai nufa a cikin gida sai Babbar Kwalejin Yaba a Legas, wadda aka buɗe a hukumance a 1934. Takardar difloma take bayarwa, kuma mai riƙe da ita mataimaki ne ga Bature komai ƙwazonsa. Ƙorafin da wannan ya haifar na cikin dalilan da suka sa Hukumar Elliot, a rahotonta na 1945, ta ba da shawarar kafa kwalejin jami'a a Ibadan.

A Janairun 1948 aka kwaso ɗalibai 104 daga Yaba zuwa wani tsohon asibitin soja a unguwar Eleyele, a ƙarƙashin shugabancin Kenneth Mellanby. Tsangayu uku aka fara da su, na fasaha, kimiyya da likitanci, kuma kemistiri na cikin sassan farko, domin babu ɗalibin likita ko na kimiyya da zai wuce ba tare da ya bi ta kansa ba. Digirin kuwa na Jami'ar Landan ne. Can ake tantance tambayoyin jarrabawa da sakamakonta, har zuwa lokacin da Ibadan ta zama jami'a mai cin gashin kanta a 1962. An soki wannan tsari da cewa ya ɗaure kwalejin da manhajar Ingila, kuma sukar tana da tushe. Amma ga kemistiri ya zo da wata fa'ida: dole a yi jarrabawar aikin hannu da kayan aiki irin waɗanda ɗalibin Landan ke amfani da su, don haka dole aka sayo su. A ranar 17 ga Nuwamba, 1948 aka ƙaddamar da aikin mazaunin dindindin a filin da sarakunan Ibadan suka bayar, kuma a 1952 aka fara tarewa a can.

Ɗacin da ke cikin itace

Sashen ya sami alƙiblarsa ne bayan zuwan Farfesa C. W. L. Bevan a 1953. Ya shugabance shi har zuwa 1966, lokacin da ya koma Birtaniya ya zama shugaban Kwalejin Jami'a ta Cardiff. Shekara goma sha uku a hannun mutum guda ba ƙaramin abu ba ne ga sashen da ke tasowa, musamman idan aka kwatanta da yadda ake sauya shugabannin sassa a yau kafin su gama sanin inda makullan sito suke.

Shawarar da ta ɗaga sashen mai sauƙin faɗa ce: a yi nazarin abin da ke bakin ƙofa. A wancan zamani Najeriya na fitar da katako mai yawa ta Sapele da sauran tashoshin kudu, musamman itatuwan dangin mahogani. Turawa sun san su a matsayin kayan ƙofa da kujera, masu maganin gargajiya sun san ɗacinsu, amma ba wanda ya san ainihin sinadaran da ke haifar da wannan ɗaci. Ga kuma Sashen Binciken Gandun Daji na Tarayya da ke nan Ibadan, da ma'ajiyar busassun ganyayensa, inda za a tabbatar wa mai bincike cewa itacen da ke hannunsa shi ne wanda yake zato.

Aikin na masu haƙuri ne. A niƙa katako ya zama gari, a jiƙa shi cikin wani tataccen ruwan fetur mai sauƙin tashi, a tace, a ƙafar da ruwan, a jira ƙananan ƙwayoyi masu kama da gishiri su fito. Daga nan sai babban aikin: gano yadda ƙwayoyin zarra suka jeru a cikin sinadarin, abin da a lokacin kan ci shekaru. A 1960 Bevan da abokan aikinsa, cikinsu har da A. Akisanya, J. Hirst da D. A. H. Taylor, tare da T. G. Halsall na Jami'ar Oxford, suka wallafa rahoton wani sabon sinadari da suka ciro daga itacen da 'yan kasuwar katako ke kira gedu nohor, suna daga ƙasar Bini. Suka raɗa masa gedunin. Da wannan suna ake kiransa a duk duniya har gobe. Ba da jimawa ba aka sami khivorin daga mahoganin kurmi, wanda ɗan uwa ne na jini ga maɗacin da ke inuwantar da titunan tsofaffin unguwannin Turawa a Kaduna da Zariya.

Shi ma maɗacin bai tsira ba. E. K. Adesogan da Taylor sun yi aiki a kansa, suka fitar da jerin sinadarai daga jikinsa. Abin da zai ba mai karatu sha'awa shi ne, duk waɗannan sinadarai 'yan gida ɗaya ne da wanda ke sa ƙwallon lemo ɗaci idan an tauna shi. Bahaushen da ya dubi bishiyar ya kira ta maɗaci ya riga masana faɗin abin da ya fi fice a jikinta. Su kuma suka zana siffar abin a takarda.

Sai darbejiya, ko dogon yaro, ko maina, gwargwadon garin da mutum ya fito. Asalinta daga yankin Indiya ne, an shigo da ita Borno a ƙarshen shekarun 1920, ta bazu har ta zama kamar 'yar ƙasa. A 1967, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke, Donald Ekong ya wallafa tsarin wani sinadari da ya ciro daga ganyenta, ya kira shi nimbolide. Wannan aiki ne na ɗan Najeriya a ɗakin gwaje-gwajen Najeriya, a kan ganyen da iyayenmu ke dafawa idan zazzaɓi ya kama yaro.

Ribar wannan aiki ta daɗe tana zuwa, kuma yawancinta a wasu ƙasashe ta sauka. A ƙarshen shekarun 1980 aka nuna cewa gedunin na kashe ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro a cikin kwalbar gwaji. A 2006 masu binciken cutar daji a Amurka suka gano yana toshe aikin wani furotin da ƙwayoyin cutar ke dogaro da shi. A 2019 wata tawaga a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta bayyana inda nimbolide ke kamawa a cikin ƙwayar halitta. Wajibi ne a faɗa a fili cewa duk wannan sakamakon ɗakin gwaji ne. Babu ɗayansu da ya zama maganin da likita zai rubuta wa majinyaci, kuma masu tallar ruwan darbejiya a matsayin maganin daji ba su da hujja a nan. Abin da ya tabbata shi ne, tambayar da aka yi a Ibadan shekara sittin da suka wuce ta cancanci a yi ta.

Jini

Reshe na biyu da sashen ya yi suna a kansa shi ne sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini, wato himogulobin. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa cutar sikila, ko amosanin jini, daga wani bambanci take a cikin wannan sinadari, kuma a 1956 Vernon Ingram ya gano cewa bambancin na tubali ɗaya ne tak a cikin dogon jerin da ya gina shi. A ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da ƙwayar gadon sikila, kuma nau'in da ake kira C ma ya yawaita a ƙasar Yarbawa, babu ƙarancin abin nazari.

John Beetlestone da Dennis Irvine, wanda ɗan Jamaika ne, suka shiga auna yadda nau'o'in A da S da C suka bambanta wajen haɗuwa da wasu sinadarai, suka wallafa jerin maƙalu masu yawa tun daga 1964. Irvine ya tafi ya zama Shugaban Jami'ar Guyana, Beetlestone kuma daga baya ya kafa cibiyar koyar da yara kimiyya ta Techniquest a Cardiff. Amma sun bar magada. Gabriel Ogunmola, wanda ya zama Shugaban Kwalejin Kimiyya ta Najeriya, da Kehinde Okonjo sun ci gaba da aikin jinin shekaru da dama bayan tafiyarsu. A ganina wannan ne ma'aunin da ya fi dacewa a gwada kowane sashe da shi: ko aikin ya ci gaba bayan wanda ya fara shi ya tattara kayansa.

Inda mutanen suka bazu

Lokacin da gwamnatin soja ta buɗe sababbin jami'o'i bakwai a 1975, Ibadan ce rumbun da aka ɗebo irin shuka. Ekong ya zama Shugaban Jami'ar Fatakwal na farko, daga baya Babban Sakataren Ƙungiyar Jami'o'in Afirka da ke Akara. Emmanuel Emovon, masanin yadda zafi ke wargaza sinadarai, ya shugabanci Jami'ar Jos daga 1978 zuwa 1985, sannan ya riƙe Ma'aikatar Kimiyya da Fasaha ta Tarayya daga 1985 zuwa 1989. A zamaninsa aka fitar da manufar ƙasa ta farko kan kimiyya da fasaha a 1986, aka kafa Hukumar Bincike da Bunƙasa Albarkatun Masana'antu, RMRDC, da Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa, NIPRD, da ke Idu a nan Abuja. Farfesa Kayode Adebowale da ya karɓi shugabancin Jami'ar Ibadan a Nuwamban 2021 daga wannan sashe ya fito.

Arewa ma ta sha daga wannan rijiya ta wata fuskar. Norman Alexander, Shugaban Jami'ar Ahmadu Bello na farko a 1962, farfesan fiziks ne a Ibadan kafin ya zo Zariya, kuma tsarin tsangayar kimiyya da ya sani a can ya taho da shi. A Zariyar ce Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi digirinsa na farko a fannin ilimi da kemistiri a 1975, ya kuma yi na biyu a kemistirin awo da tantancewa.

Misalin da ya fi kusa da masu karatunmu shi ne na Niprisan. A NIPRD aka ɗauki wani haɗin gargajiya na masoro, kanumfari, karan dafi da wani itace da Yarbawa ke kira osun, aka daidaita shi, aka gwada shi a kan masu sikila, aka sami takardar mallakar fasaha a Amurka a 1998. Cikin sunayen da ke kan takardar akwai Farfesa Joseph Okogun, ɗaya daga cikin masanan sinadaran tsirrai da Ibadan ta raina. Reshen itace da reshen jini sun haɗu ke nan a kwalba guda. Abin da ya biyo baya kuwa labarin ofis ne. An ba kamfanin Xechem lasisi a 2002, aka ƙaddamar da maganin da sunan Nicosan a 2006, kamfanin ya faɗa cikin matsalar kuɗi, aka janye lasisin, maganin ya ɓace daga kantuna tsawon shekaru alhali iyalan majinyata na nemansa. Masana sun sauke nasu nauyin. Yarjejeniya da sa ido ne suka gaza.

Lokacin da naira ta faɗi

Kemistiri fanni ne mai cin kuɗin waje. Malamin adabi na iya koyar da littafi guda shekara ashirin, amma ruwan sinadarin da aka zuba a kwalba yau ya tafi ke nan, gobe sai an sayi wani, kuma kusan dukkansu daga ƙetare ake kawo su. A 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja. Bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, farashin hukuma ya kai kusan naira 22 a kan dala ɗaya zuwa 1993. Kasafin da ke sayen kayan shekara ya koma na 'yan makonni, mujallun kimiyya suka daina zuwa ɗakin karatu, na'urar da ta lalace ta zauna a lulluɓe, malamai kuma suka kama hanyar Amurka, Saudiyya da kudancin Afirka. Duk jami'o'in tarayya sun ɗanɗana, amma sassan da suka dogara da na'ura sun fi jin jiki.

A daidai wannan lokaci ne ƙasar ta gane tana bukatar masu awon sinadarai. A 1988 aka bankaɗo dubban gangunan shara mai guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a wani fili a garin Koko, a tsohuwar Jihar Bendel. Kafin shekarar ta ƙare an yi dokar hana shigo da shara mai guba, an kuma kafa Hukumar Kare Muhalli ta Tarayya, wadda daga baya ta rikiɗe ta zama Ma'aikatar Muhalli. A 1989 duniya ta amince da Yarjejeniyar Basel kan safarar irin wannan shara, kuma cibiyar da ke daidaita aikin yarjejeniyar a nahiyar Afirka a Jami'ar Ibadan take, inda Farfesa Oladele Osibanjo na Sashen Kemistiri ya daɗe yana jagorantarta, ya yi fice wajen nazarin sharar tsofaffin kayan lantarki. Wannan ya zama reshe na uku na sashen, kuma shi ne ya fi taɓa rayuwar yau da kullum. Gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010, da haramcin da Tarayyar Turai ta ɗora wa busasshen waken Najeriya a 2015 saboda ragowar maganin ƙwari a jikinsa, duk matsaloli ne da sai mai awo da na'ura mai aiki ne zai iya gano su kafin su yi ɓarna.

Abin da fayil ba ya nunawa

Ba za a ce an yi watsi da jami'o'i ba. Yarjejeniyar gwamnati da ƙungiyar ASUU ta 1992 ta haifar da harajin ilimi a 1993, wanda ya zama TETFund a 2011, kuma duk wanda ya zaga harabar jami'ar tarayya zai ga gine-gine masu ɗauke da tambarinsa. Amma kwamitin tantance bukatun jami'o'i da Farfesa Mahmood Yakubu ya jagoranta ya ruwaito a 2012 cewa a wasu ɗakunan gwaje-gwaje da risho ake ɗumama sinadarai, a maimakon murhun gas ɗin da aka tanada don haka. Yawan jami'o'i ya haura 250, kusan kowace da nata sashen kemistiri, kuma ajin da a da malami zai san kowane ɗalibi da suna ya koma taron da mutum goma ke kewaye kwalba ɗaya, ɗaya na zubawa tara na kallo.

Tushen matsalar yana cikin yadda muke raba kasafi gida biyu, manyan ayyuka da ayyukan yau da kullum. Na'ura babban aiki ce: tana da kwangila, tana da ranar ƙaddamarwa, ana ɗaukar hoto a gabanta. Abin da zai sa ta yi aiki kuwa yana faɗawa cikin kuɗin gudanarwa, wanda shi ne mafi ƙanƙanta kuma mafi jinkirin fitowa. A ɗauki na'urar NMR, wadda a yau take bayyana tsarin sinadari cikin kwanaki, aikin da ya ci wa su Bevan shekaru. Zuciyarta wani maganaɗisu ne da dole ya zauna cikin ruwan iskar hiliyom mai sanyin da ya kai digiri 269 ƙasa da sifiri. Ana ƙara masa hiliyom duk bayan 'yan watanni, ana ƙara ruwan naitirojin kusan kowane mako, ko ana aiki ko ana yajin aiki. Idan hiliyom ya ƙare maganaɗisun ya mutu, kuma tayar da shi sai an kira injiniyan kamfanin da ya ƙera shi, a biya shi da kuɗin waje. Yajin aikin wata takwas na 2022 bai dakatar da wannan lissafi ba ko na kwana ɗaya. Haka ma ƙarin kuɗin wuta na Afrilun 2024, da ya kai masu rukunin A naira 225 a kan kowane ma'auni, ya sauka ne a kan wannan ƙaramin aljihu.

Akwai kuma mutanen da ba a sa sunansu a kan maƙala: mai hura gilashi da ke ƙera kwalaben gwaji ko ya gyara wanda ya fashe, mai gyaran na'ura, mai kula da sito da ya san abin da bai kamata a ajiye kusa da wani ba. Irinsu ne suka riƙe ɗakunan gwaje-gwajen Ibadan a shekarun tashenta. Idan ɗayansu ya yi ritaya, horar da sabo na ɗaukar shekaru. Jami'in da ke duba bukatar sayen na'ura yana da ikon tambayar wa zai sarrafa ta, daga wane layin kasafi za a sayi abincinta na shekara biyar, da kuma ko kwangilar ta haɗa da gyara da horo. Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ba ta hana a yi waɗannan tambayoyi ba.

Shigo da sinadaran kansu wata doguwar hanya ce. Akwai izinin Hukumar NAFDAC, wasu kuma sai da takardar shaidar mai amfani daga Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, saboda ana iya karkatar da su zuwa haɗa abubuwan fashewa. Dalilin tsaron a bayyane yake, sai dai ɗalibin digiri na uku da ke jiran ƙaramar kwalba ɗaya yana bin layi guda da ɗan kasuwar da ke shigo da kwantena.

Kamfanonin sayar da sinadaran bincike a Turai da Amurka suna sayar da tataccen gedunin da nimbolide a yau, a 'yan ƙananan kwalabe, ana auna su da miligiram ana biya da dala ko yuro. Ɗalibin Ibadan, Zariya ko Maiduguri da ke son ya gwada abin da ya tato daga darbejiyar ƙofar sashensu da tataccen samfuri, sai ya nemi kuɗin waje, ya cike takardun izini, ya jira a aiko masa.